Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Shekara 23 ke nan ina riƙe da alƙalamin Mai Unguwarmu a nan Damagaram. Ni ke rubuta masa wasiƙa, ni ke karanta masa wadda aka aiko, ni ke ajiye littafin iyakokin filaye da na rabon gado da na sulhun ma'aurata. Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san rabinsa rubutu ne, ɗaya rabin kuwa shiru. Ranar da ya ɗauke ni bai tambaye ni littattafan da na sauke ba, abin da ya ce kawai shi ne: "Malam, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ji, na kuma riƙe. Sau ɗaya tak na saɓa, a wani asibiti a birnin Alƙahira, a bakin ƙofar ɗakin da ake ɗaukar hoton zuciya. Da izininsa nake ba da labarin yau, sharaɗinsa ɗaya: kada in kama suna.

Ciwon ya fara ne da haki. Dattijon da yake takawa daga zaurensa har masallacin Juma'a bai tsaya ba, sai ga shi yana tsayawa sau biyu sau uku, yana kama hannun duk wanda ya gitta yana jan gaisuwa, don kada a gane numfashi yake nema. Ni na gane, domin ni ke bayansa ɗauke da buzu. Daga baya ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da dare kuma sai an tara masa matasai a baya kafin ya runtsa. Dama shekara da shekaru yana fama da ciwon sukari da hawan jini. Likitan zuciya ya shafa masa mai a ƙirji, ya ɗora ƴar na'urar nan ta eko mai ɗaukar hoto da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ya ce babban ɗakin zuciya na hagu, wanda ke tura jini ga dukkan jiki, kashi 35 cikin 100 kaɗai yake fitarwa na jinin da ke cikinsa a kowace bugawa, alhali na mai lafiya yakan fitar da 55 ko fiye. Wani sashe na bangon ɗakin ya yi laƙwas, ba ya motsi kamar sauran.

Tambayar da ta rage ita ce mai wuyar. Wannan sashe mutuwa ya yi, ko kuwa yunwar jini ce ta kwantar da shi? In ya mutu ya zama tabo, buɗe masa hanyar jini wahala ce kawai da kasada ga tsoho mai shekara 74. In kuwa suma ya yi, ana buɗe hanya zai iya farfaɗowa. Babban ɗansa, wanda ke kasuwanci a Kwatano, ya yanke shawarar a tafi Masar, aka ce in bi su saboda Larabci. Muka bi ta Matamai da Daura muka shiga Kano, daga nan jirgi ya ɗauke mu. Larabcin nawa kuwa na zaure ne, na Risala da Muhtasar. Direban tasi na farko da na yi wa magana dariya ya yi, ya ce huɗuba nake masa. Amma likitoci sun fahimce ni, ni ma nakan fahimce su in sun sassauta harshe.

Na'urar da aka ce za a sa shi ciki, mu a Nijar IRM muke ji ana ce mata, ƴan'uwanmu na Nijeriya su ce MRI, Misirawa kuwa "ranin" suke cewa a taƙaice, wato amo. Sunan Larabcin ya fi kusa da yadda abin yake. Wata likita mai haƙuri ta zana mini shi a bayan takarda. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne, cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin haidurojin, kowace tana da ɗabi'a irin ta allurar kamfas. Ita na'urar wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya. In an shigar da mutum ramin, sai ƙwayoyin nan su karkata su fuskanci wuri guda kamar masu daidaita sahu. Sai a aika musu da igiyar rediyo ta ture su daga sahun. In an ɗauke ta, suna komawa suna sakin wani ɗan amo da kunne ba ya ji, amma na'ura tana ji. Tsoka da kitse da jini kowanne da irin saurin komawarsa, daga wannan bambanci ne kwamfuta ke harhaɗa hoto. Babu yanka, babu kuma hasken nan na hoton ƙashi da ake gudun yawansa a jiki. A kan wannan aiki ne aka ba Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila kyautar Nobel a shekarar 2003.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarfin maganaɗisun. Tesla 1.5 ne a ma'auninsu, wato kimanin ninki 30,000 na maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar da muke neman alƙibla da ita. Kuma ba a kashe shi, dare da rana, ko da babu kowa a ɗakin. Wayoyinsa a nutse suke cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Da na ji haka na daina mamakin ƙarancin irinta a ƙasashenmu, inda wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo ta tafi ba sallama.

Ana gobe za a yi hoton aka ɗebi jininsa don duba ƙoda, saboda za a yi masa allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam, wanda ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Sannan aka ce kada ya sha kofi ko shayi har awa 24. Ina cikin fassarawa sai na ga hannunsa ya shiga aljihu. Na tambayi likitar, goro fa? Ba ta san goro ba. Na ciro ɗaya na nuna mata, ta jujjuya shi, ta duba a kwamfutarta, ta ɗago ta ce lalle shi ma haramun ne har gobe. Dalili shi ne za a ɗura masa wani magani mai suna adenosin, wanda ke buɗe jijiyoyin zuciya kamar mutum na hawan tudu alhali yana kwance, don a ga sashen da jini ba ya isa. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro kuwa yana tare wa maganin hanya, hoto ya fito lafiya lau a inda babu lafiya. Mai Unguwa ya saurara ya ce: "Ko azumin Ramadan, da magariba ake shan ruwa." Wanda zai kai dattijonsa irin wannan gwaji a ƙasar da ba a cin goro, ya faɗa da bakinsa, domin takardarsu ba ta san da shi ba. Haka nan mai ciwon asma ya faɗa, don adenosin yana iya tayar masa da ita.

Sai aka miƙo mini takardar tambayoyi. Ko akwai batirin zuciya a ƙirjinka? Ko an taɓa yi maka aiki a ƙwaƙwalwa aka bar ɗan maƙalin ƙarfe a jijiya? Ko akwai na'urar ji da aka dasa cikin kunne? Ko harsashi ya taɓa zama a jikinka? Ina karantawa da Hausa yana cewa a'a, ɗansa na gefe yana latsa waya. Har na iso ga layin da ke cewa: ko ka taɓa aikin ƙira ko walda ko wasa ƙarfe, kuma ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?

"A'a," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Alƙalamina ya tsaya a kan takarda.

Abin da unguwa ta sani, abin da ƴaƴansa da jikokinsa suka tashi da shi, shi ne tun yana saurayi mahaifinsa ya tura shi Gabas neman karatu, ya yi shekara 4 ya dawo. Abin da ni kaɗai na sani shi ne bai yi wata uku a tsangaya ba ya gudu. Yunwa ta kai shi wata maƙera a wani gari mai nisa, maƙerin ya ba shi tuwo ya ba shi zuga-zugi, daga zuga wuta ya kai ga riƙe awartaki, har ya iya ƙera fartanya da lauje. A can ne wata rana yana washin gatari wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa masa a idon hagu, matar maigidansa ta cire da bakin tsumma, ya yi mako yana hawaye. Na san wannan ne domin kowace shekara, ana saura kwana goma azumi, ni ke rubuta wasiƙa ga zuriyar wannan maƙeri, in haɗa da abin da ya sawwaƙa, in aika ba tare da kowa ya gani ba. Ƙira sana'a ce mai daraja, babu garin da ya tsayu babu maƙeri, shi da kansa yakan faɗi haka in maƙeran unguwa sun kawo gaisuwa. Ba ƙirar yake kunya ba. Gudun yake kunya, da ƙaryar da ya yi wa mahaifinsa, wanda ya rasu yana ɗaukan ɗansa ya yi karatun Gabas.

Da dare a masauki, bayan ɗan ya tafi ɗakinsa, na durƙusa gefen gadonsa.

"Ranka ya daɗe, tambayar nan ta ido."

"Na amsa ta, Malam."

"Allah ya ba ka nasara, abin nan yana fizgar ƙarfe daga hannun ƙato. In akwai ko ƙwayar gero ta ƙarfe da ta saura a idon, zai iya motsa ta, ido kuwa ba ya ɗaukar motsin ƙarfe. Ganin ne ake tsoron ya tafi."

"Abin da ya fi shekara 50? An cire shi a gabana."

"An cire wanda aka gani."

Ya juya fuska ga bango. "Kai na ɗauka don ka rubuta abin da na ce. Sai da safe."

Ban yi barci ba. A zauren karatu an koya mana nauyin amana, an kuma koya mana cewa tsare rai da gaɓɓai yana gaba da abubuwa da yawa, na kuwa san yadda zan jera hujjojin in ɗalibi ne ya tambaye ni. Amma jera hujja daban, duban idon mutumin da ya aurar da kai ya raɗa wa ƴaƴanka suna daban. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila babu komai a idon. Sai in tuna wataƙila ɗin nan tana da fuska biyu.

Da safe aka ba shi rigar asibiti. Ya cire agogo da zoben azurfa, aka karɓi waya da makullai, aka ce katin banki ma in ya shiga ɗakin ya lalace. Kambun da ke damtsensa tun ban san shi ba, ya kwance ya miƙo mini bai dube ni ba. Ma'aikacin ɗakin, wani saurayi mai fara'a, ya ɗauki takardar yana sake bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ƙa'idarsu take. Da ya zo kan layin ido sai na ce masa da Larabci, harshen da ɗan Mai Unguwa ba ya ji: ya yi aikin ƙira yana saurayi, ƙarfe ya taɓa shiga idonsa na hagu. Saurayin bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ja layi a takarda ya ce za a fara ɗaukar hoton ƙashi na kwarmin ido tukuna.

"Me ya haɗa ido da zuciya?" in ji ɗan.

"Ƙa'idarsu ce," na ce. Gaskiya ce, amma guntuwa. Mai Unguwa ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da yake yi wa mai shaidar zur a zaure, sannan ya bi ma'aikacin.

Hoton ya fito tas, babu ko ƙura. Da na fassara masa, kalma biyu ya ce: "Ka gani?"

Aka kwantar da shi a kan gadon na'urar, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji masu bin bugun zuciya, domin zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, sai dai na'ura ta riƙa ɗauka a daidai gaɓa ɗaya ta kowace bugawa tana haɗawa. Aka ɗora masa wani faifai a ƙirji, aka sa masa abin toshe kunne mai magana, aka damƙa masa ƴar roba a hannu, in ya ji ba zai iya ba ya matsa. Ramin bai kai faɗin kamu biyu ba. Na ga ya rufe ido tun kafin gadon ya shige, leɓɓansa na motsi.

Sai wata matsala ta taso. Numfashi yana motsa zuciya, don haka kowane hoto sai mai jinya ya riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15, umarnin kuwa da Larabci ake bayarwa. Aka kira ni bayan gilashi aka zaunar da ni gaban abin magana. Na fara: "Ranka ya daɗe, a daure a ja numfashi, sannan in an samu dama a fitar..." Saurayin ya dafa kafaɗata ya ce kafin in gama gaisuwa lokaci ya wuce, in taƙaita. Haka na zauna kusan awa guda ina ba Mai Unguwa umarni tsirara, abin da ban taɓa yi ba ko a mafarki. "Ja. Fitar. Riƙe." Na'ura ta ɗauki ƙara kamar ana rushe gini. "Numfasa." Na daina ƙirgawa bayan sau 30. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da aka fara ɗura adenosin, an riga an gaya masa zai ji zafi a fuska da nauyi a ƙirji da haki na ƴan mintoci, ana tsayar da maganin kuma zai wuce nan take. Na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe, amma robar hannunsa bai matsa ba.

Ni kuwa ina kallon allo. Na karanta bayanin zuciya a littattafan tasawwufi, na san babin da Imamu Gazali ya keɓe wa abubuwan mamakinta a cikin Ihya'u, amma ban taɓa ganin tsokar kanta tana aiki ba. Ga ɗakuna huɗu, ga ƙyamare suna buɗewa suna rufewa, ga bangon da ya raba dama da hagu. Na tuna a wannan birni ne Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya rubuta cewa wannan bango ba shi da kafa, jini ta huhu yake zagayawa daga dama zuwa hagu, saɓanin abin da Jalinusu ya koyar aka bi ɗaruruwan shekaru. Shi da hankali ya kai ga haka. Ni ga shi ina gani da ido, ina kuma cewa "Riƙe."

Bayan allurar gadoliniyam aka jira kamar minti 10, sannan aka ɗauki hotuna na ƙarshe, waɗanda dominsu muka baro gida. Ruwan yana saurin fita daga tsoka mai rai, amma yana daɗewa a cikin tabo. Don haka a hoton tsoka mai rai baƙa take fitowa, tabo kuwa fari. Likitoci suna karanta wurin da farin ya zauna: in daga cikin bango ya faro, alamar toshewar jijiya ce, in a tsakiya ko ta waje yake, sukan nemi wani dalili kamar kumburin tsokar zuciya. Suna kuma auna kaurinsa. In bai kai rabin kaurin bango ba, akwai kyakkyawan zaton sashen zai farfaɗo in jini ya samu hanya.

Washegari likitar ta nuna mana. Ga wani siririn farin layi a ƙasan zuciya, bai kai rabin bango ba. Ta ce tsohon tabo ne, zuciyar ta taɓa bugawa shekarun baya, masu ciwon sukari kuwa sau da yawa abin kan zo musu ba tare da zafin da zai firgita su ba. Mai Unguwa ya yi shiru, sannan ya ce wa ɗansa ya tuna wani dare bayan Sallar Layya da ya yi ta gumi yana jin ƙwannafi, ya jiƙa kanwa ya sha ya kwanta. Bangon gaba kuwa, wanda ya fi laƙwas, babu fari a cikinsa ko kaɗan. Da ransa, jini ne ba ya isarsa. Bayan kwana uku aka bi ta jijiyar hannu aka buɗe hanyoyi biyu, aka sa musu ƴan ragar ƙarfe masu tokare su.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane mai haki sai ya sayar da gona ya nemi wannan na'ura. Yawancin masu ciwon zuciya a garuruwanmu awon hawan jini da eko da shan magani a kan kari sun ishe su, likita ne kuma ke sanin wanda tambayarsa ta fi ƙarfin eko. Da Mai Unguwa ya riƙe maganin hawan jininsa yadda yake riƙe da wuridinsa, mai yiwuwa da ba mu ga Alƙahira ba. Na faɗa masa haka sau da yawa kafin tafiyar, cikin ladabi, da irin doguwar maganar da ba ta tsayar da kowa.

Kwana biyar bai yi mini magana ba sai ta wajibi. Ba ni ruwa. Ina carbina. Na ɗauka in mun koma zai karɓi littattafansa ya ba wani, na kuma fara lissafin yadda zan gaya wa iyali. Ban yi nadama ba, amma ban ji daɗi ba, kuma hoton idon da ya fito tas bai taimake ni da komai ba.

A daren da za mu taso, ɗan ya fita sayen tsaraba. Yana zaune bakin gado, ya ciro goro ya duba shi, ya ɓare. Bai dube ni ba ya ce: "Ƙarar abin nan, Malam. Ka san da me ta yi kama?"

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe.

"Masaba a kan uwar maƙera, in mutum uku suna dukan ƙarfe ɗaya. Ina ciki ina jin warin gawayi." Ya miƙo mini ɓari guda. "Kai kuma muryarka kamar ta maigidana. Shi ma ba ya ce mini ranka ya daɗe."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban nema ba. Yanzu yana takawa zuwa masallaci, sau ɗaya yake tsayawa, kuma gaisuwar ta gajarce. Da azumi ya matso na ɗauko takarda don wasiƙar shekara, na jira zaure ya watse kamar kullum. Sai ya aika a kira masa babban ɗan nasa, wanda ya zo gida a makon, ya nuna masa tabarma kusa da ni. Ya ce in fara, kuma in karanta sunan garin da ƙarfi.